Shukar da ke tsotse guba daga ƙasa: ina za a kai girbin?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye bayan kaka ya san gonar dawa ba ta barin shara. Hatsi ya tafi rumbu. Kara a ɗaure shi dami-dami, wani a yi danni da shi, wani a hura wuta. Abin da ya saura a ƙasa shanu su bi su kalace. Dusa ta tafi wurin awaki da kaji. Tokar murhu ma ba a zubar da ita: a tace ta a yi ruwan toka na miya, ko a dafa sabulu, ko a kwashe ta tare da shara a mayar gona. Wannan tattali abin alfahari ne, kuma shi ya riƙe manoman ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Na fara da shi ne domin shi ne ma'aunin da nake auna wata dabara da ake yawan yabawa a tarukan muhalli da kundayen ɗaliban jami'a, wato amfani da masara, dawa, shinkafa ko alayyafo wajen tsotse ƙarafa masu guba daga ƙasar da ta gurɓata.

Dabarar tana da daɗin ji. Dalma, zaiba, kadmiyom, arsenik, kuromiyom da nikel, idan suka shiga ƙasa ba sa ruɓewa. Man fetur da ya malala a gona, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa za su iya cinye shi a hankali. Maganin feshi rana da ruwa suna karya ƙarfinsa. Amma dalma dalma ce, yau da gobe da bayan shekara dubu. Abin da mutum zai iya yi mata biyu ne kacal: ya ɗauke ta ya kai wani wuri, ko ya ɗaure ta inda take don kada ta motsa. Ɗauke ta da shebur da katafila da tifa yana cin kuɗi mai yawa, kuma yana tafiya da fatar ƙasa ta sama wadda ita ce ran gona. Sai masana suka ce, tun da saiwa aikinta ke nan ta zuƙo abin da ke cikin ƙasa ta tura sama, me zai hana a bar ta ta zuƙo gubar, a yanke shukar, a tafi da ita? A maimaita damina bayan damina har ƙasa ta tsarkaka. Rufus Chaney, masani a ma'aikatar gona ta Amurka, ya rubuta wannan shawara a 1983, kuma daga shekarun 1990 ta zama fage guda na bincike.

Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a san yadda guba ke shiga shuka, domin a nan ne asirin nasararta da gazawarta yake. Saiwa ba soso ba ce da ke shanye duk abin da ta taɓa. A jikin ƙwayoyinta akwai ƙananan ƙofofi, kowace da abincin da aka yi ta dominsa: wata ta zink, wata ta manganis, wata ta ƙarfe, wata ta fosfet. Guba tana shiga ne ta hanyar kama da abinci. Kadmiyom ya yi kama da zink da manganis, sai ya bi ƙofarsu ya wuce. Arsenik a busasshiyar ƙasa kamanninsa na fosfet ne, sinadarin nan da muke saye a buhun takin zamani. A fadamar da ruwa ya kwanta kuwa yakan sauya siffa ya bi ƙofar silika, sinadarin da ke cikin yashi, kuma shinkafa tana cikin shukokin da suka fi kowa shan silika, shi ya sa ta fi sauran hatsi tara arsenik. Dalma ba ta da irin wannan sa'a. Tana manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye, tana haɗuwa da fosfet ta daskare, ɗan abin da ya narke ya shiga saiwa kuma yawanci a nan yake maƙalewa, ba ya hawa kara. Kuromiyom irin wanda ake jima da shi ma haka yake, mazaunin saiwa ne.

Yanayin ƙasa shi ma yana da ta cewa. Ƙasa mai tsami tana sakin kadmiyom da zink, wadda ke da farar ƙasa a jikinta kuma tana riƙe su. Saboda haka gona biyu masu guba daidai wa daida za su iya ba da amfani mabambanta, ɗaya mai hatsari ɗaya mai dama-dama.

Akwai tsirrai da Allah Ya yi musu wata baiwa ta daban. A 1976 masu bincike suka bayyana wata bishiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya wadda ƙaronta shuɗi-kore ne, kuma idan ya bushe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa nikel ne. A yankin Katanga na Kwango akwai furen da masu neman ma'adinai suka daɗe suna bi, domin inda ya yi yawa akwai tagulla a ƙasa. A 2001 Lena Ma da abokan aikinta a Jami'ar Fulorida suka nuna cewa wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, mai suna Pteris vittata, yana tara arsenik a ganyensa fiye da yadda aka taɓa zato. Yau an san irin waɗannan tsirrai sama da 700 a duniya, mafi yawansu masu tara nikel. A Albaniya har noma ɗaya daga cikinsu ake yi a ƙasar da nikel ya hana ta ba da abinci, a girbe kimanin kilo 100 na nikel a hekta, a ƙona a tace ƙarfen daga toka a sayar.

Matsalar ita ce yawancinsu ƙanana ne, ba sa saurin girma, ba sa yarda da kowace ƙasa, kuma babu mai sayar da irinsu a kasuwa. Daga nan tunani ya karkata ga amfanin gona. Masara ba ta tara guba sosai a kowane kilo, amma tana ba da kara tan-tan. Manomi ya san lokacin shukarta, ya san takinta, akwai iri, akwai garma. Fatan shi ne yawan kara ya rufe ƙarancin zuƙa.

Lissafin da ba a cika yi ba

A nan ne nake ganin ya kamata kowa ya ɗauki alƙalami, domin lissafin ba ya bukatar digiri. Hekta ɗaya, idan aka ɗauki ƙasar sama mai zurfin santimita 20, wato iyakar inda garma ke juyawa, nauyinta ya kai kimanin tan 2,600. A ce akwai dalma miligiram 1,000 a kowane kilo na wannan ƙasa. Jimilla kilo 2,600 ke nan na dalma a hektar. Yanzu a ce an shuka masara ta yi kyau ta ba da busasshen kara da ganye tan 10, a kuma yi mata alheri a ce kowane kilo ya ɗauki dalma miligiram 50. Abin da aka cire a damina ɗaya rabin kilo ne. Kafin a rage dalmar gonar zuwa rabi, ana bukatar damina 2,600. Ko an ninka zuƙar sau goma, ana maganar shekaru 260.

A ɗauki wannan lissafi a kai shi Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, kuma ana kai shi cikin gidaje a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. A Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega aka yi aikin tsaftacewa, kuma a wasu wuraren gwaji ya nuna dalma sama da miligiram 100,000 a kilo, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar. Ninki ɗari ke nan na misalin da na bayar a sama. Babu masara, babu dawa, babu wata shuka a doron ƙasa da za ta yi wa wannan wani abu cikin rayuwar yaron da ke wasa a wurin.

Abin da ya ceci rayuka aikin hannu ne. Matasan ƙauyukan, da jagorancin ƙwararrun kamfanin gyaran muhalli na TerraGraphics da ma'aikatan jiha, suka kankare ƙasar sama da fartanya da shebur, aka loda a buhuna aka kai ramukan da aka tanada, aka kawo ƙasa mai tsafta aka shimfiɗa. Ƙasa da tarkacen da aka kwashe daga gidaje 820 da wuraren niƙa a ƙauyuka takwas sun haura kubik mita 27,000. Bagega, wadda ta fi girma, sai 2013 aka yi nata aikin, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya a kafafen sada zumunta ta saki kuɗi. Sai an tsaftace gida sannan likitoci ke fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin ba shi magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo aikin baban giwa ne. A 2015 irin wannan bala'i ya sake aukuwa a Shikira da maƙwabtanta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu, kuma a can ma kankare ƙasa aka yi.

Akwai wani abu a labarin Zamfara da ya kamata masu sha'awar shuka su riƙe. Gubar ta shiga jikin yara ne ta ƙura, daga hannu zuwa baki, da kuma hatsin da ya gurɓata bayan girbi, wajen sussuka da shanya da niƙa. Abin da gero ya zuƙo ta saiwa kaɗan ne a kan wannan. Dalma ba ta son hawa kara, kuma halin nan nata da ya sa shuka ba ta iya kwashe ta shi ne ya sa ƙwayar hatsi ke fitowa da sauƙin guba.

An yi ƙoƙarin tilasta mata ta hau. A shekarun 1990 wani kamfani a Amurka mai suna Phytotech ya gwada shuka mastad na Indiya a filin tsohuwar masana'anta a Trenton, jihar New Jersey, yana zuba wa ƙasar wani sinadari mai suna EDTA wanda ke kama dalma ya narkar da ita. Shukar ta zuƙa ƙwarai. Sai dai dalmar da aka narkar ba duka take shiga saiwa ba, saura ruwa yana iya gangarawa da ita ƙasa, kuma sinadarin ba ya saurin lalacewa. A garin da kowane gida ke sha daga rijiya, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Masana da yawa sun ja da baya daga wannan hanya saboda haka.

Labarin furen sanfulawa ma ya cancanci a gyara shi, tun da shi aka fi yaɗawa. A Chernobyl, inda tashar nukiliya ta fashe a Yukren, an yi nasara da shi a 1990 da wani abu, amma a kan ruwa: an ɗora shukar a kan abin da ke yawo a tafki, saiwoyinta suna lilo a ciki suna kama sinadaran nukiliya. Da aka shuka shi a ƙasa a Fukushima ta Japan bayan hatsarin tashar nukiliya na 2011, gwajin ma'aikatar gona ta Japan ya nuna ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin 2,000 kawai na sinadarin nukiliya mai suna siziyom da ke wurin, domin yumɓu ya riƙe shi gam. A ƙarshe ƙasar sama suka kankare su ma.

Inda ta yi aiki

Duk da haka ba daidai ba ne a ce dabarar banza ce. Akwai gubar da ta dace da ita, kuma kadmiyom ne a sahun gaba. Dalilai biyu ne: yana hawa kara cikin sauƙi, sannan ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata abinci, don haka abin da ake bukatar cirewa ba shi da yawa. Gonar da ke da miligiram ɗaya tak a kilo tana iya ba da shinkafar da ta wuce ƙa'ida, alhali duka kadmiyom ɗin da ke hektar bai kai kilo uku ba.

Japan ta san zafinsa. A kwarin kogin Jinzu na lardin Toyama, ruwan da ke gangarowa daga mahaƙar Kamioka ya shekara da shekaru yana shayar da gonakin shinkafa. Mutane, galibi mata da suka manyanta, ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya yi laushi har yana karyewa da ɗan motsi. Saboda kukan da suke yi aka sa wa ciwon suna itai-itai, kamar a ce wayyo-wayyo. A 1968 gwamnati ta amince kadmiyom ne sanadi. Gyaran gonakin, ta hanyar binne gurɓatacciyar ƙasa da kawo sabuwa, ya kai har 2012, ya shafi hekta 863, ya ci yen biliyan 40.7. Ƙasar da ta biya irin wannan kuɗi dole ta nemi hanya mai sauƙi ga sauran gonakin da gubarsu ba ta kai haka ba.

Sai masu bincikensu suka duba cikin ire-iren shinkafa suka sami wani mai suna Chokoukoku. Yawancin shinkafa tana da wata dabara ta ɓoye kadmiyom a cikin saiwa. Wannan iri dabarar ta lalace masa, don haka duk abin da ya zuƙa sama yake turawa. A wani gwaji da aka wallafa a 2009, an noma shi shekara biyu, ya cire giram 883 a hekta, ya rage kadmiyom ɗin ƙasar da kashi 38 cikin ɗari, kuma shinkafar ci da aka shuka bayansa gubar ƙwayarta ta ragu da kashi 47. Shekara biyu, a kwatanta da ƙarnonin dalma.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne yadda suka yi wasa da ruwa. Idan ruwa ya kwanta a fadama iska ba ta shiga, kadmiyom sai ya haɗu da sulfa ya daskare, shuka ba ta samunsa. Idan aka janye ruwan ya saki. Don haka mai son tsaftace gona yakan janye ruwa don shukar ta sha guba sosai, mai noman abinci kuma ya bar ruwa a kwance lokacin fitar kai don ta kasa sha. Sai dai arsenik halinsa kishiyar haka ne: ruwa a kwance shi ke sakinsa. Gonar da ke da su biyun ta sa manomi a tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki. Mafitar da suka samu ita ce wani iri na shinkafarsu ta Koshihikari wanda aka toshe masa ƙofar manganis, wanda aka sanar a 2012, kusan ba ya ɗaukar kadmiyom ko da an janye ruwa. Da shi ana iya rage ruwa don gudun arsenik ba tare da tsoron ɗayan ba.

A lura da abin da ya faru a nan. Ilimin da aka tara don sa shuka ta sha guba, shi ne ya haifi shukar da ba ta sha. A ganina wannan reshe na biyu ya fi na farko amfani ga talaka.

Sin ma ta bi ta nan. A 2013 hukumomin Guangzhou suka bayyana cewa 8 cikin samfurin shinkafa 18 da suka gwada sun wuce ƙa'idar kadmiyom, kuma a 2014 binciken ƙasa baki ɗaya ya nuna kashi 19.4 cikin ɗari na wuraren da aka gwada a gonaki sun gurɓata. Tsarin da suka fitar a 2016 ya kasa gonaki uku: masu tsafta da za a kare, masu 'yar guba da za a ci gaba da nomawa da dabara, da masu guba sosai da za a hana noman abinci a kansu. A Huanjiang na lardin Guangxi, inda ambaliyar 2001 ta kwaso tarkacen mahaƙai ta shimfiɗa a gonaki, an shuka tsiron nan mai tara arsenik tsakanin layukan rake da bishiyar da ake ciyar da tsutsar siliki, don manomi ya riƙa samun kuɗi yayin da ƙasa ke warkewa. A yankin Kempen da ke tsakanin Beljiyom da Holan, inda hayaƙin masana'antun zink ya gurɓata ɗaruruwan murabba'in kilomita, lissafi ya nuna masara da bishiyar wilo za su ɗauki gomman shekaru zuwa sama da ɗari kafin su tsaftace ƙasar. Sai aka sauya manufa: a noma masarar don yin iskar gas ta makamashi, manomi ya ci gaba da rayuwa a gonarsa, guba kuma kada ta shiga tukunya.

Girbin da ba a ci

A duk waɗannan wurare akwai abu ɗaya da aka tanada tun kafin a jefa iri: wanda zai karɓi girbin. A Japan shukar ake yankewa gaba ɗaya, a busar, a ɗaure, a kai tanderun da ke kama hayaƙi, domin kadmiyom yana tashi da zafi ya bi iska, haka arsenik. Abin da ya fito daga irin wannan gona sharar masana'anta ce mai siffar abinci.

Yanzu a komo gonar da na fara da ita. A ce an zo wani ƙauye an ce wa mutane, wannan masarar da ta yi zangarniya biyu-biyu ta gwaji ce, kada a taɓa. Wa zai tsare ta da dare a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa? Wa zai hana yaro karya goyo ya gasa? Idan an girbe, wa zai tare garken da ke bin gonaki da rani? Kadmiyom da dabba ta ci yana taruwa a hanta da ƙoda, su ne kuma ake tsirewa a sayar a bakin hanya. Karan kuma, mace za ta ɗauka ta hura wuta a ɗakin girki, ta shaƙi hayaƙin ita da goyonta. Wuta tana cinye kara ta bar ƙarfe, don haka gubar da ke warwatse a dami guda sai ta dunƙule a cikin toka 'yar kaɗan, ninki goma ko fiye. Wannan tokar ce za a tace a zuba a miya, ko a watsa a lambun bayan gida. Gubar da ke kwance a ƙasa, wadda wataƙila ba ta cutar da kowa sosai, an kashe kuɗi an ɗauko ta an raba wa gidaje.

Ba na faɗin haka don a ce manomanmu ba su da hankali. Tsarin da ba ya zubar da komai tsari ne mai hikima, kuma dabarar da ba ta yi la'akari da shi ba ita ce mai naƙasu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake rubuta sakamakon gwaji. Ɗalibi ya shuka alayyafo a tukwane, ya zuba wa ƙasar gishirin dalma ko na kadmiyom, bayan mako shida ya auna ya ga ganyen ya ɗauka, sai ya rufe da cewa alayyafo ya dace da tsaftace ƙasa. Gishirin da aka zuba jiya ya fi gubar da ta shekara ashirin a ƙasa saurin narkewa, kuma saiwar da aka tsare a tukunya ba ta da inda za ta kauce, don haka adadin da ake samu yakan zarce na fili nesa ba kusa ba. Sannan sakamakon yana da wata fassara da ta fi gaggawa: alayyafon da ake nomawa a irin wannan ƙasa a kai kasuwa yana ɗauke da guba.

Wannan fassarar ce ta shafi Kano kai tsaye. Masana'antun jima da sauransu a Challawa, Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwa, kuma a gefen rafukan Jakara da Getsi masu lambu suna ban-ruwa da abin da ya gangaro daga birni, suna noma latas, alayyafo, kabeji da karas. Manoman kewayen birni kuma sun saba sayen shara a matsayin taki, kuma sharar yau ba irin ta da ba ce, akwai batura da tarkacen waya da fenti a ciki. Kayan ganye su suka fi hatsi da 'ya'yan itace ɗaukar kadmiyom, haka ma taba. A waɗannan lambuna shuka tana tsotse guba daga ƙasa kowace rana ba tare da wani shiri ba, girbin kuma cikin kwanonmu yake ƙarewa. Kuma muddin bututun masana'antu yana zuba, babu shukar da za ta cim ma abin da ke shigowa.

To me ya dace da mu? Farko gwaji. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma cikin minti ɗaya, da ita aka yi aikin Zamfara gida-gida. Sai an san wace guba ce, nawa ce, kuma zurfinta ina ya tsaya, sannan a san maganinta. Inda dalma ta yi yawa a wurin zaman mutane, a kwashe a binne. Inda take tsaka-tsaki a fili, a ɗaure ta: fosfet, farar ƙasa, takin gargajiya mai tsafta da gawayin da aka daka suna rage narkewarta, sannan a rufe filin da ciyawa don iskar hunturu kada ta ɗebi ƙura ta kai gidaje. A nan shuka tana da babban aiki, aikin murfi. Jema, wadda muke saƙa faifai da ita, danginta sun yi suna a duniya wajen wannan, saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, tana jure guba, kuma yawancin abin da ta ɗauka a saiwa yake tsayawa. Haka Sifaniya ta yi bayan madatsar tarkacen mahaƙar Aznalcóllar ta fashe a 1998: aka kwashe laka, aka zuba farar ƙasa da taki, gwamnati ta sayi gonakin ta hana noma, aka dasa itatuwa a gefen kogin Guadiamar.

Inda gubar kaɗan ce kuma dole a yi noma, a sauya abin da ake shukawa. Hatsi da kayan lambu masu 'ya'ya irin su tumatir sun fi ganye aminci, a kuma wanke komai da kyau tun da ƙura ce babbar hanya. Cibiyoyin binciken noma irin na Samaru da Badeggi suna da tarin ire-iren dawa, masara da shinkafa. Tantance waɗanda ba sa tura guba cikin ƙwaya aiki ne da za a iya yi da kayan da ake da su.

Idan kuma an dage sai an tsotse, to a zaɓi shukar da ba ta shiga baki, kuma wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Rama tana da kara mai yawa, ana kuma ambatonta a bincike, amma ganyenta kwaɗo ne a wurinmu. Auduga zarenta ba a ci, amma angurya mai ce da abincin shanu. Zurman da bini-da-zugu sun fi kusa, tun da dabba ba ta cinsu kuma mansu na masana'anta ne. Ko da su, sai an killace filin, an biya mai gonar kuɗin girbin da ba zai ci ba a kowace shekara har aikin ya ƙare, an kuma rubuta a takardar aikin sunan wurin da za a kai karan, da motar da za ta ɗauka, da ramin da za a binne tokar.